Ranar da Dada Ta Kira Sunan

Shekara talatin da huɗu Dada ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba. Bishir ne, amma a bakinta "wancan" ne, in kuwa ya faranta mata, "mai babur ɗin nan". Kunyar ɗan fari ce, ta gada wajen uwarta. Ko ranar da 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Kankiya, damina uku ke nan, abin da ta iya cewa, "An tafi da shi." Tun daga nan ba labari, ba gawa. Matarsa ta gaji da jira, alƙali ya raba auren, ta bar wa Dada 'yarsu Zahra.

Sai ga Zahra ta dawo daga firamare a Kusada da littafi mai hotuna, irin wanda ake barin gurabe yaro ya cike da sunayen 'yan gidansu. Labarin shirme ne: uba ya bi bunsuru, ya faɗa rumbu, gida ya rikice da nema. Wanda ya tsara shi dai, da gani, bai taɓa rasa kowa ba. Zahra ta cike ko'ina da fensir, a gurbin uba ta sa Bishir, har bunsurun ta raɗa wa Gajere.

Bayan la'asar ta zauna tana karanta wa Dada, ita kuwa tana tsinke zogale tana dariya ba da son ranta ba.

"Nan Kaka za ta kira shi da ƙarfi, sannan a ɗaga murfin rumbu shi fito," in ji Zahra. "Ke ce Kaka. Kira."

"Ke, rabu da ni. Mi ya hana ki kira ubanki da kanki?"

"Kullum ina kira. Littafin ya ce sai ke."

Dada ta ture faifan zogalen, ta dubi zaure.

"Bishir!"

Muryarta ta tsage. Maƙwabciya ta tsai da dakanta. Zahra ta ɗaga murfin takarda da aka liƙa kan hoton rumbun, ga uban cikin littafin ya leƙo da zangarniyar dawa a ka, amma ko kallonsa ba ta yi ba, idonta na ƙofar zaure. Suka jira. Babu wanda ya yi sallama.

"Sake kira, Dada," in ji ta a hankali. "Bai gane ke ce ba. Ai bai taɓa jin kin kira shi ba."