Hoton Baba Ajimi

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan labari, don karatuna bai wuce aji uku ba, kuma ni ko gaisuwa a cikin mutane nauyi take yi mini. Amma har yau ina jin muryar Bintu ranar da ta leƙo ta saman katangar da ta raba gidanmu da nasu a unguwar Lamisula, tana haki.

"Salomi! Salomi! Ya yarda! Wallahi Baba ya yarda! Mai hoto na nan tafe bayan azahar. Ara mana kujerarku mai hannu!"

Na cicciɓi kujerar na zagaya. Gidan ya kacame. Babakura, ƙanenta mai shekara goma, ya wanke ƙafafunsa har sau uku, ya tsaya cak a kan tabarma don kada ƙasa ta taɓa shi. Autarsu Yagana kuwa sai zagaye tsakar gida take yi tsirara tana ihun "Hoto! Hoto!" ba ta ma san ko abin ci ba ne.

Ubansu, Baba Ajimi, banda yake sayarwa a kasuwar kifi ta hanyar Baga. Sati biyu ke nan da aka dawo da shi daga asibiti, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Likita ya ce a kai shi gida ya huta. Manya sun gane abin da ake nufi, Bintu ma ta gane, ko da yake shekarunta sha biyar ne.

Matarsa ta rasu wajen haihuwar Yagana. Dangi suka ce a raba yaran, ya ce 'ya'yansa ba naman layya ba ne. Shi ya koyi dafa burabusko, ya ƙona tukunya biyu kafin ya iya. Kitso ma shi yake yi wa 'yan matan, da irin ƙullin da yake ɗaure kwandon kifi, har girar yarinya ta ɗage sama kamar an ba ta labarin mamaki. Idan matan unguwa suka yi masa dariya sai ya ce, "Kwandona ya je har Anaca bai kwance ba. Ku nuna mini kitsonku da ya taɓa wuce Damaturu."

Tun da aka dawo da shi Bintu ke roƙonsa a ɗauki hoto, yana cewa shi ba Bature ba ne da za a rataye shi a bango. Sai da safiyar wannan rana ta durƙusa a gabansa ta yi maganar mahaifiyarsu, wadda suke kira Ya.

"Baba, in na rufe ido ina neman fuskar Ya, ba ta zuwa. Ni da na san ta ke nan. Yagana fa shekararta uku."

Ya juya ya dubi Yagana. Can ya ce, "To, a kira shi."

Lokacin da na shiga da kujera, yana zaune ya turo kaskon wuta ƙarƙashin babbar rigarsa, hayaƙin turare na fita ta wuya da ta hannuwa.

"Baba, ya isa haka, za ka ƙone," in ji Bintu.

"Ƙaro. Shekara talatin ina cikin banda. Abin da zai kwashe fuskar mutum ya zuba a takarda, kina tsammanin zai bar warinsa? Jikokina su ɗauka su ji kifi? Ƙaro, na ce."

Mai hoton, Cyprian, mutumin Anaca ne, yana da shago a bakin titi, kuma wajen Baba Ajimi matarsa ke sayen kifin miya. Ya iso a kan keke da akwatinsa na ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Yana shigowa ya fara tari.

"Baba Ajimi, gobara ake yi?"

"Ƙamshi ne, Mai hoto. Don takardarka."

"Takarda ba ta da hanci, Baba! In hayaƙin nan bai fita ba, aljanu za ku fito."

Nan fa muka ɗauki faya-fayai muka shiga korar hayaƙi, ni da Bintu da Babakura, muna dariya har ciki na ciwo. Kafin mu gama, katanga ta cika da kawunan maƙwabta, yara sun hau darbejiyar ƙofar gida.

Cyprian ya kafa akwatinsa, sannan ya ɗaga yatsa. "Ku saurara. Gilashin ɗauka ɗaya ya rage mini, sauran sai motar Jos ta iso, sati mai zuwa ko na sama. Sau ɗaya ne. In na cire murfi zan ƙirga uku. Wanda ya motsa, fuskarsa ta tafi."

Na ga Bintu ta dubi Baba. Ta san sati mai zuwa da nisa.

Aka zaunar da Baba a kujerarmu. Sai ya zama hafsan soja.

"Babakura, rufe baki, ba haƙoranka aka zo ɗauka ba. Bintu, saki fuska mana, wa ya mutu? Ke auta, zo nan tsakanin ƙafafuna."

"Baba, numfashi fa?" in ji Babakura.

"A ajiye shi sai an gama."

"Wayyo, Baba, hancina na ƙaiƙayi!"

"Ka gaya masa ya jira."

Cyprian ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Ina tsaye a bayansa, sai na ga kamar duk idanun da ke kan katanga ni suke kallo, na sunkuyar da kai. Don haka ban ga abin da ya faru ba. Na dai ji "Ɗaya." Na ji "Biyu." Sai na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa, "Ke!" Sannan "Uku."

Katanga ta ɗauki guɗa. Cyprian ya fito daga ƙyalle yana girgiza kai.

"Wani ya motsa."

"Ba a gidana ba," in ji Baba Ajimi. "Duba akwatinka."

"To. Ku zo ranar Juma'a."

Bintu ta jawo ni gefe. "Wa ya motsa, Salomi? Ni ƙyallen nake kallo." Na ce ban gani ba. Ta tambayi Babakura, ya ce shi hancinsa yake fama da shi.

Kwana biyun da suka biyo baya ban taɓa ganin Baba cikin nishaɗi irin haka ba. Ya ƙi mayar mana da kujera, ya ce ta riga ta shiga tarihi tare da shi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin hoto, kullum ƙirgen yana ƙaruwa, har ya kai ga cewa sai da Mai hoto ya ƙirga arba'in shi bai ko ƙifta ido ba. Yaran suna bayansa suna ƙunshe dariya.

Ranar Alhamis da hantsi ya sa aka fito da shi inuwa, ya ce zai tsefe wa Yagana kai, kitson ya tsufa. Bintu na madafa tana jin su, yarinya na ƙorafi, shi yana cewa ta yi haƙuri saura layi uku. Can sai ta ji shiru.

"Baba, ka gaji? Bari in ƙarasa."

Yagana ce ta amsa. "Ya yi barci."

Kafin la'asar aka kai shi. Mutanen kasuwar kifi suka cika layinmu har bakin titi. Da na shiga gaisuwa, Bintu na zaune cikin mata an lulluɓe ta da mayafi. Ta kama bakin zanena ta jawo ni kusa.

"Gobe Juma'a," ta ce a kunnena. "Ni ba halin fita. Salomi, in shi ne ya motsa fa?"

Washegari da safe na ɗaura ɗankwalina na tafi shagon Cyprian, ni da ban taɓa shiga shagon namiji ni kaɗai ba. Tun a hanya nake ta maimaita abin da zan ce, amma bai bari na yi magana ba. Ya tashi tsaye, ya cire hularsa, ya miƙo mini ambulan da hannu biyu.

"Ki ce musu na yi iya yina, 'yata."

Ban buɗe ba. Na kai wa Bintu, muka zagaya bayan ɗaki inda ba kowa, Yagana na biye da mu da kanta rabi a tsefe.

Babakura ya fito tsaf, baki a rufe, ido a zare. Bintu ta fito kamar za ta yi magana. Babbar rigar Baba ta fito har zaren aikinta. Amma a inda fuskarsa take, sai wani hazo-hazo, don ya sunkuyo yana tsawatar wa auta. Hannunsa na dama ne bai motsa ba ko kaɗan. Ya tallabe haɓar Yagana da shi, ya riƙe mata kai daidai, fuskarta ta fito tar. Ana ganin kowane yatsa, da tabon ƙayar kifi a bayan hannun, da farcen babban yatsa da ya tsage.

Bintu ta daɗe tana kallo. Ta goge hoton da bakin mayafinta, ta durƙusa ta nuna wa yarinyar.

Yagana ta ƙura masa ido. Sannan a hankali ta ɗaga hannu ta taɓa haɓarta.