Yawun Faibel Kagan

Faibel Kagan Kohen ne, wato zuriyar Annabi Haruna ta wajen uba, kuma bai taɓa barin kowa a unguwarmu ta Urushalima ya manta da hakan ba. Shi ake fara kira in za a karanta Attaura a majami'a. Shi ke cire takalmi ya ɗaga hannu ya sa mana albarka, har da waɗanda ya zaga jiya. Ni Laib ƙanin matarsa ne. Shekara arba'in ina karɓar albarkar nan, ban ga ta tsirar min da ko gashi ɗaya a sanƙo ba.

Sai dai a addininmu Kohen ba ya kusantar kabari. An bar shi ya binne matarsa, yayata Gitel, daga ranar kuwa shi ke nan. Ita kuma ta bar wasiyya a sa ta kusa da mahaifiyarmu, can tsakiyar maƙabarta. Ko da ranta ma ba ta saba sauƙaƙa masa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tsayawa a bakin titi, yana leƙe ta bayan kabarin wani likitan haƙori.

'Yarsa Tirza tana binciken ƙwayoyin halitta a jami'a. Wata rana ta miƙa masa 'yar kwalba ta ce ya tofa.

"Shekara tara kina karatu don ki tara yawun mutane?" in ji shi. Amma ya tofa.

Bayan wata guda ta zo da takarda, tana ta kame-kame. Ina zaune.

"Abba, yawancin Kohen suna da wata alama da ake gada daga uba. Kai ba ka da ita."

"Ko kaɗan?"

"Ko ɗigo. Amma fa ba hujja ba ce ta cewa..."

"Ba ni takardar."

Na ɗauka zuciyarsa za ta buga. Sai ga shi ya saka kwat ɗinsa na ibadar Asabar ranar Talata, ya ce in raka shi wurin Rabbi Hirsh, malaminmu.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Rabbi ya tambayi fuskar, tausayi ya kama shi.

"Malam Faibel, kwantar da hankalinka. Mahaifinka ya sa albarka?"

"Ya sa."

"Kakanka fa?"

"Shi ma."

"To magana ta ƙare. Mu da shaidar iyaye muke aiki, ba da yawu ba."

"Rabbi, a sake dubawa dai. Takardar da hatimi fa. Injin da ya gwada yawun daga Amurka aka kawo shi."

"Ko daga duniyar wata aka kawo shi."

"Kakan nan nawa kuma maƙaryaci ne, duk garinsu an sani. Dillalin dawaki ne."

"Allah ya ji ƙansa. Kai Kohen ne yau, Kohen ne gobe, ba mai taɓa maka ko zare ɗaya." Rabbi ya juyo gare ni, idonsa cike da ƙwalla. "Laib, ka ga tawali'u?"

A nan na gane abin da ya kawo mu: so yake a ce shi ba Kohen ba ne. Kunya ta rufe ni. Rabbi ya rungume shi, ya ce kafin ya tafi ya sa masa albarka. Faibel ya sa masa, bai tsallake ko kalma ɗaya ba.

Ba mu koma gida ba. Ya shiga bas ɗin maƙabarta, na bi shi. Ya tsaya a bakin titi, ya miƙa wuya, ya daɗe a haka. Sannan ya sunkuya ya tsinci tsakuwa, irin wadda muke ɗora wa kabari in mun kai ziyara.

"Ungo, Laib. Ɗora mata."

"In ce mata me?"

"Ka ce na gwada. Har kakana na zaga."