Daɓen Tattabarun Kawu

Yaya ne ya kawo maganar. Sana'arsa ɗaukar bidiyo da ɗan jirgin nan maras matuƙi da ake ce wa diron, kuma ya gaji da kora. In ya tashi jirgin a unguwa don gwaji, sai a fito a ce yana leƙen tsakar gidan mutane. In ya je filin ƙwallo, yara su bi shi da jifa. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, garin cike yake da masu jirage a cikin kwali, sun saya sun rasa inda za su tashe su. In aka samu fili guda aka kewaye, aka ce nan ne wurin, da ƙafarsu za su zo.

Ni ina gefe ina saurare. Tun da na gama sakandare sakamakon bai kai ni ko'ina ba, magana ta fita raina. Umma kuwa ta riga ta shirya da wani mai shagon kayan mota a wani gari mai nisa, cewa in wata ya ƙare zan je in zauna masa. Na taɓa ganin shagon. Ba taga, sai warin baƙin mai da fitila ɗaya. Shi ya sa da Yaya ya ce yana neman wanda zai tsare filin, na ɗaga kai.

Umma ta dube ni ta dube shi. Ta ce ita ba ta san wasan jirgi ya zama abin yi ba, amma in filin ya tsaya zuwa ƙarshen wata, in zauna. In ya watse, jakata na nan a bayan ƙofa.

Filin na Kawu ne, wan Umma. Yana bayan gidansa, tsohon wurin buga bulo ne da aka daina. Kawu tela ne a kasuwa, daga safe har la'asar yana kan keke, in ya dawo kuma ba ya kula kowa sai tattabarunsa. Ɗakinsu na katako da waya yana jingine da katangar da ta raba gidan da filin. Da muka je masa, bai daina sauya musu ruwa ba. Ya saurari Yaya har ya gama, sannan ya ce filin banza ne, mu yi abin da muke so.

"Amma tsuntsayena sun riga ku zuwa," in ji shi. "Kada a taɓa mini su."

Yaya ya yi dariya ya ce ai ko ƙarar farfela suka ji za su bar unguwar. Kawu ya ci gaba da zuba musu ruwa.

Aikin ni na yi shi. Na cire ƙaya, na kwashe fasassun bulo, na kafa sanduna na ɗaura musu jajayen tsummokara don a ga iyaka. Ƙasar wurin rairayi ce mai tsakuwa, irin wadda in jirgi ya sauka a kai take shige masa cikin inji. Wuri ɗaya ne mai kyau: wani daɓen siminti a tsakiya, inda injin bulo ya taɓa zama. Na share shi, na zana masa da'ira da farin fenti. A tsagunsa akwai ɓawon hatsi, na san daga ina yake, don tun ina yaro nake ganin Kawu yana watsa wa tattabaru tsaba a kai da yamma. Na faɗa wa Yaya. Ya ce Malam Shiru, kai ma da tsoron tsuntsu? Na bar maganar. A kwanakin kuma Kawu ya kulle su saboda wani shaho da ya matsa musu, don haka ban gan su a kan daɓen ba ko sau ɗaya.

Barci ya ƙi mini a makon nan. In na kwanta sai in riƙa lissafa wanda zai zo da wanda ba zai zo ba. Da asuba ina filin, ina gyara sandar da ba ta karkace ba.

Ranar buɗewa muka sa yamma, don lokacin ne rana take sauka iska ta kwanta, kuma lokacin ne masu aiki suke tashi. Mutane sun zo, ban yi zaton haka ba. Ɗalibai da ƙananan jiragensu masu kukan sauro, da 'yan kallo da suka cika kan katanga, da wani likitan haƙori mai tumbi wanda ya fito da nasa daga akwati kamar zai fito da jariri. Babba ne, baƙi, farfela huɗu. Ya ce wata da watanni yana ajiye a saman kabad, matarsa har ta fara ɗora masa kwanuka.

"Likita, ka iya kuwa?" wani ɗalibi ya tambaye shi. "Wannan ba bakin mutum ba ne fa."

"Bakin mutum ya fi wuya, yaro. Shi wannan ba ya cizo."

Yaya ya ɗora masa jirgin a tsakiyar da'irata, ya yi masa bayani cewa duk inda jirgi ya tashi, nan ya ɗauka gidansa; in batir ya yi ƙasa, da kansa zai juyo ya sauka a wurin, ko ba a taɓa rimot ba. Likita ya ce madalla, ya fi 'ya'yansa hankali ke nan. Jirgin ya tashi. Aka yi tafi.

Ban ga dawowar Kawu ba. Shahon ya kwana biyu bai leƙo ba, sai ya buɗe wa tsuntsayensa ƙofa yadda ya saba, bai leƙa ta katanga ba. Fukafukai kawai na ji. Suka tashi gaba ɗaya, suka yi sama suna zagaye, wani toka-toka mai farin wuya a gaba. Direba Kawu yake ce masa, don duk inda ya karkata nan sauran suke bi.

Ba su gudu ba. A gefen injin bulo aka ƙyanƙyashe iyayensu, ƙara ba baƙuwarsu ba ce. Suka riƙa ratsa tsakanin jiragen kamar ba komai.

Yaya ya ɗaga murya ya ce kowa ya sauko da nasa. Ɗaliban suka sauko a kan rairayi, ko ta yaya. Rimot ɗin Likita kuwa ya fara ƙara, batir ya yi ƙasa, jirgin ya juyo da kansa. A daidai lokacin Kawu ya leƙo ya ga abin da ke sama. Ya yi abin da ya sani: ya ɗauki gwangwanin hatsi ya kaɗa, yana fito, yana tsaye a ƙofar ɗakinsu don su shige.

Amma su ba ƙofa suka sani ba. Da yunwa yake tashinsu kullum, kuma shekara da shekaru ƙarar gwangwani daɓe take nufi. Direba ya naɗe fiffike ya yo ƙasa, sauran suka biyo shi, suka zuba a kan farin fentina. Jirgin Likita yana saman kansu yana saukowa a hankali, ba ruwansa.

Na ruga ina kaɗa hannu. Likita yana ta danna abin da bai kamata ba. Tattabarun suka tashi a firgice, sama suka yi, inda farfela take. Na ji ƙarar kamar an yaga ƙyalle. Jirgin ya kife a gefe, gashi ya cika wurin, Direba yana juyi a ƙasa da fiffike ɗaya a buɗe.

'Yan kan katanga suka watse da surutu. Likita ya tattara jirginsa yana ba da haƙuri, bai san ma wa yake ba. Kawu ya zo ya ɗauki tsuntsun da hannu biyu, bai dubi kowa ba, sai da ya kai ƙofa ya ce in biyo shi.

A zauren gidansa ya zaunar da ni, ya sa na riƙe Direba a tafin hannuna. Zuciyarsa na bugawa kamar za ta fito. Kawu ya wanke wurin da ruwan ɗumi, ya zaro allura daga wuyan rigarsa, ya zura zare ba tare da ya duba ba. Ɗinki yake yi ƙanana, a jere, irin na bakin aljihu. Ya ce ƙashin ya taɓu, zai rayu, amma ya gama tashi. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana cewa za a saya masa wani, ko guda nawa yake so. Kawu ya ce ya je ya sayo wa Umma wani ɗan ma, tunda abin na saye ne. Sannan ya ce gobe mu cire sandunanmu.

A raina na ga shagon nan maras taga. Bakina ya buɗe da kansa.

"Kawu, dole sai da yamma za su tashi?"

"Da yamma nake gida."

"In da safe suka tashi fa? Su ci, su shige. Yamma ta zama tamu."

"Da safe ina kasuwa. Kai za ka yi wa mutane ɗinki?"

"Ni zan tashe su."

Ya ciji zaren ya yanke. Ya ce yau ce rana ta farko da ya ji na haɗa magana uku a jere. Ya ce abin ba buɗe ƙofa ba ne kawai: akwai shara, akwai ruwa, akwai hana su abincin yamma su kwana da yunwa, kuma za su yi mini gardama don cikinsu ya san lokacinsa. Kafin su saba, ko jirgin takarda kada ya gani a filin.

Yaya ya yi tsaki a hanya. Ya ce wurin da aka buɗe yau aka rufe gobe ya mutu, mutane ba sa dawowa inda suka ga jini. Ya koma bidiyonsa. Umma kuwa ta wanke jakar ta shanya a igiya inda zan gani.

Safiyar farko na buɗe ƙofa suka ƙi fita. Na kore su da tsumma a sanda, suka hau katanga suka zauna suna kallona. Da yamma kuma, lokacinsu na da, suka riƙa dukan waya da ƙirji, suna kuka, ni ina zaune a daɓe ba abin da zan yi musu. Kawu ya dawo ya tsaya ya ji su. Na ga hannunsa ya kai kan gwangwani, ya janye. Ya shige ciki.

Ba Direba, sai suka zama ba kai. In sun tashi su rabu biyu, wasu su ɓace har rana ta take, ni ina tsaye wuyana ya ƙage. Kaina ya riƙa warin kashinsu. Ɗaliban nan suka zo wata yamma da jiragensu a jaka, na ce ba yanzu ba. Ɗaya ya ce ashe filin jirgi ya koma gidan kaji. Na bi su da kallo har suka sha kwana. Kowace rana in na wuce igiya sai in ga jakar, ta bushe tuni, ba wanda ya ɗauke ta.

Direba na tsakar ɗakin a cikin kwando. Da ya warke na fara fito da shi in ajiye a kan daɓe in sun tashi, don ya sha rana. Yana tafiya yana jan fiffike, yana tsattsagar tsaba. Wata safiya, ban ma kaɗa gwangwani da ƙarfi ba, wata farar tattabara ta gan shi ta sauko. Sauran suka biyo ta a dunƙule. Suka ci suka ƙoshi, na ja su da tsaba har ƙofa, suka shige. Da yamma na zauna ina jiran dukan waya. Ban ji ba. Washegari ma haka.

Kawu ya tsaya a bakin ɗakin ya leƙa su, suna ta gyangyaɗi. Ya ce mini in kira mutanena.

Ana saura kwana kaɗan wata ya ƙare muka sake buɗewa. Katanga ba kowa. Ɗalibai biyu suka zo, sai Likita da sababbin farfela, ya ce ya kwana yana koyon inda ake danna soke saukar nan, har matarsa ta ce ko jarrabawa zai sake. Kafin ya ɗora jirginsa sai da ya je ya leƙa ɗakin tattabaru ya tabbatar a kulle yake.

Umma ta zo da kanta, ta tsaya a bakin sanduna da mayafinta. Ta dubi mutum ukun, ta dubi sama.

"Taron ke nan?"

"Shi ke nan yau."

Ta ce wanta ya je mata jiya, ya ce in ta tura ni wani gari, ita za ta riƙa zuwa tashin tsuntsaye da safe, don shi ba zai sake juya musu lokaci ba. Ta ce ta gaya wa mai shago ya nemi wani. Na ce to.

Jirgin Likita ya yi nisa har ya zama ɗigo. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya tambaye ni ko gobe ma akwai. Na ce akwai, ya zo da abokansa. Sannan na tafi duba ruwan tattabaru.