Tsutsar Silikin Kawu a Tashar Kunshan

Kawuna Gu Maosheng ba ɗan tawaye ba ne. Duk inda aka kafa shingen haraji, biya yake yi har da rusunawa. Amma bana shingaye sun yi yawa a hanyar dogo daga Wuxi zuwa Shanghai, sai ya yi abin da kowa yake yi, ya ari sunan Bature. Yarjejeniyar da hukuma ta yi da Turawa ta ce kayan baƙo ba sa biyan harajin hanya, na ɗan ƙasa ne ke biya. Aka rubuta sunan Baturen, "Harlow", a kwandunansa na ƙwanson siliki, ɗanye, tsutsar na ciki da rai. In ba a kai shi an gasa da wuri ba, tsutsar za ta yi fiffike ta huda ƙwanson, zaren ya tsinke.

A Kunshan aka kwance taragonmu aka tura shi gefe. Shugaban shingen, Pang, ya ce yarjejeniyar ta jiragen ruwa ce, lokacin da aka rubuta ta babu dogo. Ƙaramin jakadan ƙasar Harlow ya aiko cewa ko kwabo aka karɓa an taɓa mutuncin ƙasarsa.

Ni ne mai jin Turanci, ni na raka Kawu wurin wani ma'aikacin jakadan. Kawu ya roƙa a bar shi ya biya. Mutumin ya yi murmushi, wai in aka biya a wannan tarago, an biya a duka.

Muka koma wurin Pang, muka tarar yana ɓare 'ya'yan kankana.

"Ranka ya daɗe, a karɓi ninki biyu," in ji Kawu.

"Dattijo, kayan wa za ka biya wa? Ko ka zama Bature ban sani ba? Ina dogon hancin?"

Na ce kayan namu ne, kowa ya sani. Kawu ya take min ƙafa. Pang ya ce in haka ne an yi wa hukuma ƙarya, hukuncinta ƙwacewa, sai mu zaɓa.

Kawu ya zaɓi jira. Ya ce manya za su daidaita. Wannan haƙurin nasa ya fi Pang ƙona min rai.

Sun daidaita kuwa, bayan makonni, da liyafa, kowane ɓangare ya ce shi ya yi nasara. Da aka buɗe taragon, fararen ƙwari suka zubo mana a ƙafa suna karkaɗa fiffike. Kawu ya ɗauki ƙwanso ɗaya ya leƙa hujin. Sannan ya juya ya rusuna wa Pang, ya yi godiya.