Ba a Amsa wa Saje Buba Suna

"Wa ya ce ka sa mini hannu?"

Marcellinus ya tsaya a bakin ƙofa da ƙullin lemu a hannu. Tun daga tsakar gida ya fara shelar abin da ya yi, yana zaton albishir ya kawo. Maƙwabcinsa Saje Buba yana kishingiɗe a kan gado, ƙafafunsa a kumbure kamar an hura su, amma muryar nan tasa ta fareti tana nan yadda take.

"Haba Saje, ko sannu da zuwa babu? Daga Zariya fa nake."

"Sannu da zuwa, Kofur. Wa ya ce ka sa mini hannu a rajista?"

"Ni na ce wa kaina. Rajista ta zagayo, na ga gurbinka fayau, na ja ɗan layin nan naka mai wutsiya. Ko kai ba za ka bambance ba."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Funtua. A garin aka haifi Marcellinus, ubansa yana sayar da kayan keke. Lokacin rikici suka gudu Gabas, ya ɗauki bindiga a wancan ɓangaren a yaƙin basasa har ya kai kofur, da yaƙi ya ƙare kuma ya dawo, don bai san wani gari ba. Shi kuwa Buba ɗan makiyaya ne daga wajen Ƙarfi, ya shiga sojan tarayya ya zama akawun bataliya, yanzu yana aikin akanta a kamfanin gurzar auduga. Dukansu da furfura suka yi digiri, kuma bai ishe su ba. Kowace Asabar sai su shiga tsohuwar a-kori-kurar Marcellinus su nufi Zariya, inda suke karatun akanta na gaba da digiri tare da wasu ma'aikata tara. A hanya ba abin da suke yi sai musu a kan wanda ya fi wani iya gudu lokacin yaƙi.

Ƙa'idar karatun a fili take. Asabar ashirin ce, wanda bai halarci goma sha biyar ba ba zai zauna jarrabawa ba. Buba ya yi sha huɗu ciwon ƙoda ya kwantar da shi, likita ya hana shi tafiya a mota. Saura Asabar ɗaya tak. Abin da Marcellinus ya yi ƙarya ce, ko da ƙauna ce ta sa shi, kuma shi ma ya sani.

"Kowa yana yi, Saje," ya ce. "Ko makon jiya an sa wa wani, yana can wajen bikin ƙaninsa."

"Zauna."

Marcellinus ya zauna a kan akwatin ƙarfen soja.

"Akwai wani yaro a bataliyarmu, Sanda. Ni ke riƙe da littafin kiran suna. Wata safiya na kira Sanda, aka amsa. Washegari aka amsa. Kwana huɗu ana amsawa. Ashe abokinsa ne, yana zaton ya sulale wajen wata yarinya, yana rufa masa asiri. Ran na biyar muka same shi a cikin kwazazzabo, tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa tasha ba. Harsashi ne a cinya. Likita ya ce jiya-jiyan nan ya cika. Da an yi shiru ranar farko, da mun fita nema." Ya juya ya dubi bango. "Tun ranar ba a amsa mini suna. Ka je ka goge."

"In na goge ba za ka shiga jerin masu jarrabawa ba."

"Na sani. Ina so in ga sunana a jerin nan fiye da yadda kake so, Kofur. Tun da nake ba a taɓa tsallake ni a jeri ba. Amma ba da hannunka ba."

Hajjo, matar Buba, ta leƙo da kwanon kunu. "Baban Adaku, ka ƙyale shi. Mutumin nan ko sallama aka yi masa yana banɗaki, ba ya yarda in amsa, sai dai mai sallama ya jira."

Ran Litinin da hantsi Marcellinus ya koma Zariya. Malam Sikiru, mai koyar da su binciken littattafan kuɗi, ya girme wa ƙaramin ɗalibinsa da shekara biyu kawai, sauran duk yayyensa ne, saboda haka ba ya dariya a aji don kada a raina shi. Ya saurari bayanin har ƙarshe, ya jawo rajista, ya ɗora rula, ya ja jan layi a kan sa hannun Buba. Sannan ya ja wani a kan na Marcellinus.

"Malam, ai ni na zo!"

"Wanda ya sa hannu biyu, ban san wanne ne nasa ba. Kana da sha takwas, sun ishe ka. Kuma kai ne za ka fita ka binciki littattafan mutane?"

Marcellinus ya sunkuyar da kai. Ya ba da labarin Sanda, ba don neman sassauci ba, don dai abin ya tsaya masa a rai. Malam Sikiru ya daɗe yana juya rular a hannu. Can ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko littafin ƙa'idoji, ya karanta layi ɗaya sau biyu.

"An ce ɗalibi ya halarci darasi. Ba a ce a wane ɗaki ba." Ya rufe littafin. "Zan nemi izinin shugaban sashe a rubuce. Motarka mutum nawa take ɗauka?"

"In buhunan masara ne, ashirin."

"Mutane na tambaya."

"Ai duk ɗaya ne, Malam, sai dai mutane sun fi surutu."

Ran Asabar damina ta yi kyau, masara ta kai ƙugu tun daga Giwa har Funtua. Malam Sikiru ya zauna gaba, rajista a cikin rigarsa. Hajiya Silifat, shugabar aji, ta ce ita ba kaya ba ce, ta matse kusa da shi. Sauran takwas suka hau baya, manyan mutane masu ofis da masinja, suna riƙe da huluna suna yi wa direba tsiya duk lokacin da ya faɗa rami.

An share zauren Buba an shimfiɗa tabarmi. Marcellinus ya aro allon da ake rubuta yawan dilolin auduga a kamfani, tun da ba kakar auduga ba ce, aka jingina shi da bango. Mutum huɗu suka ɗauko Buba a kan kujerar malam-na-kwance. Ya sa farar riga mai guga, an yi masa aski, alƙalami biyu a aljihu, ja da baƙi.

"Kun makara da minti goma sha biyu," ya ce.

"Motar abokin gabarka ce, Saje," in ji Hajiya Silifat. "Har yanzu yaƙi yake yi da mu."

Malam Sikiru ya buɗe rajista. A Zariya zagayawa take yi kowa ya sa hannu, amma yau sai ya ce zai kira suna. Ya kira biyu, aka amsa. Sannan ya ɗaga kai.

"Buba Ƙarfi."

Buba ya dafa hannun kujera zai miƙe. Marcellinus ya kawo hannu, ya ture shi. Ya ɗago kamar taƙi ɗaya, jijiyoyin wuyansa suka fito, ya koma ya zauna yana haki. Ya miƙe ƙirji a zaunen.

"Ga ni, ranka ya daɗe!"

Kajin da ke bakin zaure suka watse. Aka miƙa masa rajista, ya ciro baƙin alƙalami ya ja layinsa mai wutsiya, a ƙasan wanda aka soke. Ya karkata littafin wajen Marcellinus.

"Dubi na gaske. Wutsiyar taka ta yi gajarta."

Aka shiga darasi. Ba a yi rabin sa'a ba ruwa ya sauko a kan kwanon rufi, Malam Sikiru yana ta buɗe baki ba mai jin komai. Sai Buba ya ce a faɗa masa a kunne shi ya maimaita. Haka aka yi: malami ya raɗa, Saje ya daka tsawa, ɗalibai su rubuta. "Mai bincike ba ya yarda da abin da aka gaya masa! Sai ya gani da idonsa!" Har maƙwabta suka leƙo a ƙarƙashin buhuna, suna zaton faɗa ake yi. A tsakiya kuma ya tsaya ya ce shi bai yarda da misali na uku ba, suka yi ta ja da malamin, daga ƙarshe aka gano malamin ne da gaskiya. Buba ya ce to, a rubuta cewa ya janye cikin tsari, ba gudu ya yi ba. A nan ne aka ga haƙoran Malam Sikiru karo na farko.

Hajjo ta aiko da ɗanwake a babban akushi, da mai da yaji, da ƙwaryar fura. Adaku, 'yar Marcellinus da ke aikin jinya, ta shigo ta duba ƙafafun Buba ta ce a mai da shi ciki. Ya ce sai an tashi. Bai ci komai ba, amma ya lura da wanda ya fi kowa kai loma, ya kuma faɗa.

Ran Laraba aka liƙa jerin masu zama jarrabawa. Marcellinus ya je takanas ya kwafo shi da hannu, ya kawo. Buba ya sa tabarau ya bi da yatsa. Na uku. Ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin matashi.

"Yanzu sai karatu, Kofur. Kada ka sa ran zan bar ka ka leƙa tawa."

Washegari Alhamis, da hantsi, Marcellinus yana cikin shagonsa yana auna wa wani bel ɗin mota, sai ya ji salati ya tashi ta bayan katanga. Ya ajiye bel ɗin. Hajjo ta ce Buba ya sha kunu cokali uku, ya tambaya ko ranar jarrabawa ta canza, ya yi kalmar shahada, shi ke nan.

Da aka jera sahun sallar jana'iza a ƙofar gida, Marcellinus ya koma gefe ya cire hula, ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a manne da cinya. A maƙabarta kuwa ba wanda ya hana shi karɓar shebur.

Bayan kwana tara aka yi jarrabawa. Tebur goma sha ɗaya aka jera, kowanne da lambarsa da alli. Mai tsaron jarrabawar baƙo ne daga wani sashe, bai san kowa ba. Ya bi tebur-tebur yana kifa takardar tambayoyi, har da na uku, sannan ya koma gaba ya ɗauki jeri.

"Buba Ƙarfi."

Hajiya Silifat ta dubi Marcellinus. Marcellinus ya dubi allo.

"Buba Ƙarfi?"

Mutum goma, ba wanda ya yi tari. Baƙon ya jira kaɗan, ya yi alama a takardarsa, ya wuce suna na gaba.

Fankar sama tana juyawa, gefen takardar tebur na uku ya fara ɗagawa. Marcellinus ya miƙa hannu ya ɗora rularsa a kai, sannan ya buɗe tasa.