Faɗuwar Praise Gaban Akwatin Kifi

Ranar da Praise ta fara faɗuwa, ina bakin rijiya ina ɗauraye zannuwan gado. Shekarunta biyu da wata bakwai. Ƙara ɗaya na ji daga falo, daga nan sai shiru. Shirun ne ya sa na saki guga na ruga.

Na tarar da ita kwance a kan siminti gaban akwatin kifi, 'yar kujerar da take takawa ta kife a gefe. Hannunta na dama a jiƙe, ya sandare. Bakinta a buɗe, idanu a waje, amma kukan ya ƙi fita. Na sure ta ina jijjigawa ina kiran sunan Yesu. Sai da na hura mata iska a fuska sannan ta ja numfashi ta ɓarke da kuka.

Akwatin na babanta ne. Mijina Haggai kofur ne a soja, kuma wani hafsa da ya yi wa aiki a barikin Kaduna ne ya bar masa shi: akwatin gilashi mai cin ruwa bokiti shida, da ɗan inji mai hura iska ta wani siririn tiyo. A farkon shekara ta 2006, kafin a tura su Darfur, ya zo da shi Zuru a kan cinyarsa, a naɗe cikin bargo. Ya tafi har Yawuri ya sayo 'yan kifaye bakwai a jarka, babu wanda ya wuce tsawon yatsa. "Duka tarwada ce," in ji shi. Ban musa ba. Mu mutanen tudu ne, ni daga Manga, shi daga wajen Kanya. Mun san dawa, mun san dutse, kifi kuwa sai busasshe a cikin miya.

Kafin ya tafi ya kafa mini doka. Duk Asabar in zuƙe rabin ruwan da tiyo in zuba sabo. Abincinsu gara da tana. Kada in kuskura in sa hannu a ciki, don hannuna ba ya rabuwa da sabulu, sabulu kuma yana kashe su. Na bi dokar kamar yadda ya faɗa.

Ɗaya daga cikinsu ya bambanta. Gajere ne mai ƙiba, ruwan toka da ɗigo-ɗigon baƙi, idanunsa kamar kan allura. Wuni yake kwance cikin wuyan fasasshen tulu da Haggai ya sa musu, sauran kuma ba sa raɓarsa. Haggai ya sa masa suna Sajan-Manja. Cikin wata biyar ya kai kaurin taɓaryar yara.

Da Praise ta yi shiru ran nan, na tambaye ta me ya same ta. Ta nuna akwatin tana shassheka. "Sajan," ta ce. Na juya hannun ciki da baya, na duba tsakanin yatsu. Babu cizo, babu suka, ko ja bai yi ba. Sai idona ya kai kan injin nan da wayarsa da aka ɗaure da leda. Na ce wuta ce ta bi tiyo ta shiga ruwa ta ja min yarinya. Na cire shi, na naɗe wayar, na jefa a ƙasan akwatin kaya. Washegari tarwada biyu suka taso ciki sama. Na kwashe su da matsamin ƙosai, na ce rashin iska ne, gara su mutu da ɗiyata ta mutu. Na ɗaga kujerar na ɗora a kan kabad.

Kwana goma sha ɗaya lafiya. Ran na sha biyun, kwanan unguwarmu uku babu wuta. Maƙwabciyata Maman Sandra tana yi mini kitso a gindin mangwaro, yaran suna wasa a ciki. Sai ga Sandra, wadda ta girmi Praise da shekara ɗaya, ta fito a guje.

"Mama! Praise ta faɗi, tana yin haka!" Ta sandare hannu tana karkaɗa shi.

Wannan karon tukunya Praise ta kifa ta taka. Ƙeyarta ta bugu, leɓenta ya fashe, miyau da jini suna bin haɓarta. Ƙafafunta suna rawa. Na durƙusa na rungume ta, ina duban bango inda injin yake a da. Babu inji. Babu wuta a garin ma.

Na ɗago kai in ce wa Maman Sandra ta miƙo ruwa, sai na ga ta ja ɗiyarta baya, tana goge mata hannu da bakin zane.

"Kin taɓa miyaunta? Sandra, da ke nake! Kin taɓa?"

"Maman Sandra, faɗuwa ta yi," na ce.

"Na gani, Leah. Na ga irin faɗuwar." Ta yi ƙasa da murya. "A danginku akwai mai ita?"

Na ƙara rungume Praise. Ta ja Sandra suka fita, ta bar ni da rabin kai a tsefe.

Akwai mai ita. Ƙanena Mika farfaɗiya ce da shi. Ƙoƙonsa daban, tabarmarsa daban, a majami'a ma bencinsa daban, don mutane sun yarda ana ɗauka ta miyau. Yana shekara bakwai ta buge shi a rafin Manga, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Ni aka aika nemansa, ni na ga gawarsa. Da Haggai ya zo neman aurena babu wanda ya ɗaga maganar, ni ma ban taɓa faɗa masa ba.

Da safe na goya Praise zuwa asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta auna ta, babu zazzaɓi, babu komai a jini. Ta tambaye ni ko idanunta sun juye, ko ta yi fitsari, ko minti nawa ta yi. Na ce mata lokacin ba agogo nake kallo ba. Ta ce in ta sake, in kai ta Sakkwato a duba kanta, kafin nan in nisanta ta da ruwa da wuta.

Na dawo gida na fara aiki. Na sa kafinta ya yi wa rijiya murfi da kwaɗo. Na ɗaure bakin randa da igiya. Na mai da murhu bayan ɗaki na kare shi da kwanon rufi. Praise kuwa na mai da ita baya kamar jaririya, ko tuwo nake tuƙawa tana goye, ƙafafunta suna dukan cinyata. In ta yi shiru sai gabana ya faɗi, in girgiza ta. In ta yi motsi da yawa ma sai gabana ya faɗi.

Ranar Lahadi na zaunar da ita a ajin yara na majami'a. Kafin a gama waƙar farko, gefenta na dama da na hagu duk sun zama fili. Malamarsu Theresa ta raba ruwa da kofi ɗaya, da ta zo kan Praise ta tsallake, ta ce ya ƙare. Praise ta miƙa hannu tana kallon kofin. Na ɗauke ta muka fito ba a tashi ba.

Haggai ya samu waya ya kira ni a makon nan. Muryarsa tana zuwa tana yankewa.

"Maman Praise, ina uwata? Ina Sajan-Manja, yana nan yana ba da oda?"

"Duk suna lafiya," na ce. Mutumin da ke riƙe da bindiga a ƙasar wasu, me zan ɗora masa?

Abu ɗaya ya rage a gidan mai ruwa a buɗe, shi ne akwatin kifin. Sau biyu a gabansa ta faɗi. Duk sanda na kalle shi, rafin Manga nake gani. Na yanke shawara in kwashe kifayen in zubar da ruwan, in Haggai ya dawo ya yi faɗansa. Akwai wata tsohuwa 'yar Yawuri, Inna Talle, da ke bi gida-gida da busasshen kifi. Na ce mata ta biyo ranar Alhamis da hantsi in ba ta su kyauta.

Ran Alhamis na zuƙe ruwan har ya rage kamar taƙi ɗaya. Tarwada huɗun na kwashe su da matsami cikin bokiti. Sajan-Manja ya maƙale a wuyan tulu ya ƙi fita. Na zungure shi da muciya, bai motsa ba. Praise tana bayana tana barci. Na ce dokar sabulu ta ƙare ai, na zura hannu na kama shi.

Kamar an ɗauki taɓarya an maka mini a gwiwar hannu. Abin ya bi kafaɗata ya hau wuya, haƙorana suka haɗu, ƙafafuna suka saki. Na zube a kan gwiwoyi, hannun yana rawa shi kaɗai, na kasa tsai da shi. Praise ta farka da kuka a bayana.

Ban yi tunanin kifi ba ko kaɗan. Cewa na yi farfaɗiyar ta zo kaina. Ashe a jinina take, ni na ba ɗiyata, yanzu ga ta ta kama ni ina goye da ita. In na faɗi a bakin murhu fa? In na faɗi a titi? Wa zai kwance ta daga bayana? Na lallaɓa na kwanta a gefe ɗaya don kada in danne ta in ta dawo, na sa bakin zane a tsakanin haƙora kamar yadda muke yi wa Mika, ina jira.

A haka Inna Talle ta same ni. Ta yi sallama sau uku, ta leƙo, ta dire tirenta.

"Subhanallahi! Ɗiyata, mi ya same ki?"

Na cire zanen na ce ta kwance mini yarinyar tukuna. Ta kwance ta ta riƙe. Na gaya mata komai, har da Mika, abin da ban taɓa faɗa wa kowa a Zuru ba. Tana ji tana kallon hannuna da ke ɗigar ruwa. Sai ta matsa ta leƙa akwatin. Ta daɗe tana kallo. Ta dafa ƙirji.

"Ke! Wa ya kawo muku wanga abu cikin ɗaki?"

"Tarwadar Baban Praise ce."

"Tarwadar gidan wa? Wagga minjirya ce! Kifin da ka jan mutum kamar lantarki. Ƙato da gemu ya taɓa babbarta cikin komar kamun kifi sai ya zauna ruwa. Ku Dakarkari, dutse kuka iya, mi ya kai ku ga kiwon abin da ba ku sani ba? Ita ta kashe muku sauran ma."

"Inna, kar ki lallashe ni."

"Ni da na haihu goma a bakin gulbi zan lallashe ki? Yarinya ta sa hannu?"

Na tuna hannun Praise a jiƙe, duka sau biyun. Amma zuciyata ta ƙi sakin abin. Na tashi na tsaya a gaban akwatin. Na ce in farfaɗiya ce, ba ta jiran sai na taɓa kifi. In kifin ne, zai sake. Na rufe ido na sa yatsa ɗaya a bayansa.

Ya sake. Na yi ƙara na yarfe hannu, na zauna daɓas ina kuka ina dariya. Inna Talle ta ce ba ta taɓa ganin wadda minjirya ta ja tana godiya ga Allah ba.

Ta ɗauko ƙwarya za ta kwashe shi, na riƙe ta. Na ce ta dakata. Ni na sani yanzu, amma unguwa ba ta sani ba, kuma in kifin ya bar gidan nan, maganata ce kawai za ta rage. Na fita ba ko ɗankwali na buga ƙofar Maman Sandra.

Ta zo tana ɗari-ɗari, ta tsaya nesa da Praise. Inna Talle ta yi mata bayani. Ta taɓe baki.

"Kifi da lantarki? Leah, ki kai yarinya magani, ki bar neman abin da za ki laƙa wa."

"To taɓa shi."

"In taɓa me?"

"Ai kin ce ƙarya ce. Taɓa, Maman Sandra. Yatsa ɗaya."

"Ko tsoro kike ji, uwar 'yan kitso?" in ji Inna Talle.

Ta gyara ɗaurin zane, ta harare mu, ta tsoma hannun gaba ɗaya.

Ƙarar da ta yi sai da ta fito da matan gida uku. Ta yi baya ta bangaje bokiti, tarwada suka watse a siminti suna tsalle. Ta zauna tana riƙe da gwiwar hannu, bakinta a buɗe, miyau a gefen leɓe, tana kiran Yesu da uwarta.

"A danginku akwai mai ita?" na tambaye ta.

Ta goge miyaun da bakin zane. Can ta dubi Praise, ta dube ni. "Wannan abin ne ya ja 'yar ficiciyar nan har sau biyu?"

"Shi ne."

Ta miƙe da ƙyar ta leƙa ƙofa. "Sandra! Jeki kira mini Malama Theresa. Ki ce ta bar abin da take yi ta zo yanzu, akwai kifin da nake so ta gaisa da shi."