Ɗinkin Sista

Shekara goma sha ɗaya Sista ta yi tana karɓar haihuwar mata kafin Allah ya ba ta tata. A asibitin unguwar babu maijegon da aka sallama ba ta sha karatunta ba: kar ki ɗaga abu mai nauyi, ki wanke wurin ɗinki ki busar, in kin ji zazzaɓi ko wari ki dawo ko da rarrafe ne. Bakin nan kuwa kamar reza. To, wanzami dai ba ya son jarfa.

Kwananta uku da haihuwa aka yo waya, wai abokan aiki za su zo ganin jaririya. Ta dubi ɗakin: labule ya yi dauɗa, zannuwa jibge a kwando. Maigida na wurin aiki, surukarta ta fita cefane. Ta ce a ranta, waɗannan da nake yi wa faɗan tsafta, su zo su same ni haka? Ta miƙe ta hau wanki. Wajen ɗaga bokiti na biyu ta ji abu ya tsinke a ƙasanta. Ba ta buƙaci a faɗa mata ɗinkinta ne ba. Wa ya fi ta sani?

Baƙi suka zo, suka ga ɗaki tas, suka yi ta cewa, "Kai, Sista kam kamar ba ita ta haihu ba!" Wannan yabon shi ya ɗaure mata baki.

Daga nan ta zama likitar kanta. Ta kulle banɗaki, ta aza madubi a ƙasa, ta duba, ta shafa abin da ta samu a durowa. In zazzaɓi ya taso ta haɗiyi ƙwaya biyu. Surukarta ta ce, "'Yar nan, jikinki da zafi." Sista ta ce ai ruwan nono ne ke sauka. Tsohuwa ta ƙyale ta, don wa zai ja da mai kwalin karatu?

Ran kwana na tara matar direba, maƙwabciyarsu ta ƙofar da ke kallon tasu, ta shigo da 'yan kayan jarirai. Sista ta ji gabanta ya faɗi. Shekara biyu baya, wannan matar ce ta zo asibiti da ɗinki ya ruɓe, Sista ta tsaya tsakiyar ɗakin masu jego ta yi mata tatas, mata takwas suna ji, har da masu shara. Tun ranar gaisuwarsu ba ta wuce ta nesa ba.

Matar direba ta ɗauki jaririya, ta yi mata wasa, ta ce hancin uban ne sak, Allah dai ya sa ba bakin uwar ba. Surukar ta yi dariya ta fita ɗora ruwa. Sai baƙuwar ta sauke murya.

"Sista, tun da na shigo a ɗuwawu ɗaya kike zaune."

"Haka na fi jin daɗi."

"Turaren nan kuma da kika cika ɗaki da shi, har jaririya na atishawa? Ni ma kwalba guda na ƙarar a lokacina."

Allah sarki. Sista ta so ƙasa ta tsage. Ta buɗe baki za ta yi irin maganarta ta asibiti, sai hawaye ya riga ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ki faɗa mini duk abin da kike so," in ji ta daga cikin mayafin. "Kina da gaskiya."

"Yo ni ina na iya? Ba ni da karatun. Tashi ki sa takalmi, maigidana bai fita da mota ba."

"Ba asibitinmu ba. Ki kai ni ko'ina, ban da can."

"Ɗayan asibitin tafiyar awa biyu ce, kuma ba za ki iya zaman ba. 'Yar nan uwa take so, ba ruwanta da wanda ya gan ki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, tashi."

Surukar ta dawo ta tarar ana ɗaure wa jaririya kaya. Matar direba ta ce gwajin jinin Sista ne ya kama yau, an manta. Tsohuwa ta dubi fuskar nan da ta jiƙe, ta ɗauko matashi mai laushi ta bi su da shi har mota.

A ƙofar asibiti mai gadi ya miƙe yana "Sannu da zuwa, Sista!" Mai ba da kati ma haka. Kowace gaisuwa sai ta ji kamar an yaye mata zane. Wadda ke kan aiki kuwa Ƙarama ce, yarinyar da Sista ta koya wa riƙe almakashi da hannunta. Ta taso da murna, sai ta ga yadda Sista ke tafiya, murnar ta tsaya. Ta ja labule.

Sista ta hau gadon da ta kwantar da mata ba adadi. Ashe ledar sanyi gare ta haka. Ta juya fuska bango. Ƙarama ta sa safar hannu, ta duba.

"Yaya, tun yaushe?"

"Shekaranjiya," ta fara cewa. Sai ta gyara zance. "A'a. Kwana shida. Bokiti na ɗaga. Na sha magani ba a rubuta mini ba. Rubuta haka, kar ki rage komai."

Ƙarama ta rubuta, ta ce sai an kwantar da ita, kwana uku aƙalla, kuma gadon da ya rage a babban ɗaki yake, cikin mata.

Sista ta rufe ido. Can ta ce, "To. A miƙo mini 'yata, lokacin shan nononta ya yi."